Ƙanƙarar Sólheimajökull tana fitowa toka-toka a hoto

Ɗalibi a Jamus: Salamu alaikum. A Disamba zan hau Sólheimajökull, wani makeken tudun ƙanƙara a ƙasar Aislan, tare da ɗan jagora. Shuɗin ƙanƙarar nan nake so in ɗauko wa Hajiyarmu, amma duk hoton da na ɗauka cikin dusar ƙanƙara toka-toka yake fitowa. Ina mafita?

Mai Hoto: Wa alaikumus salam, ƙanena. Farin ne ke ruɗar kyamara, sai ta rage haske. Ƙara hasken da +1 a saitin hasken kyamara (exposure compensation). Shuɗin ya fi fitowa cikin tsaga ko inuwa, musamman idan akwai gajimare. Ka tafi da batiri biyu, ɗaya a aljihun ciki, sanyi na cinye caji.

Yaya Babba: Hasken rana bai wuce awa 5 ba a lokacin. Don Allah kada ka ja da baya kana neman hoto, akwai ramuka. Inda ɗan jagora ya taka, nan za ka taka.

Ɗalibi a Jamus: Na gode, Yaya. Allah ya saka da alheri.