Me za mu kira "libaral" na Amurka da Hausa?

Jama'a, ku taya ni nema. Tun da Trump ya kayar da Kamala Harris a 2024 ake ta cewa aƙidar "libaral" ta fara tangal-tangal a Amurka. Na zo yi wa ƙanena bayani a kan tabarma bayan isha'i, sai kalma ta maƙale.

Rediyo ya saba mana da "masu sassaucin ra'ayi". To, ni dai ba ta gamsar da ni ba. Ita ake laƙaba wa 'yan siyasar Iran marasa zafi, ita ake ba duk mai tsaka-tsaki. Amma libaral ɗin Amurka ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. Shi ne Roosevelt da ya hau mulki a 1933, ya sa gwamnati ta samar wa mutane aiki, ya kawo fanshon tsofaffi a 1935. Shi ne Shugaba Johnson da ya sa hannu a dokar hana wariyar launin fata a 1964. Wannan ai hannu ne dumu-dumu cikin rayuwar talaka, ina sassaucin?

Wani dattijo ya ce min, "Ɗana, ka ce 'yan sawaba mana." Na ce, Baba, ta yi daɗi, amma da an faɗa sai a tuno NEPU da Malam Aminu Kano. Rigar tana da mai ita.

Ni tawa shawarar: aƙidar walwala, masu ita kuma 'yan walwala. Muna cewa "'yancin walwala", muna kuma cewa "walwalar jama'a". Kalma ɗaya ta ɗauko ƙafafun biyu: a bar mutum ya sake, kuma gwamnati ta tallafa masa. Da ita ma rikicin nasu yake fitowa fili. Ma'aikatan masana'antu na jihohin Michigan da Pennsylvania, waɗanda ƙafar tallafi ta jawo, da yawansu suna ganin jam'iyyar Dimokurat, wadda ita ce gidan 'yan libaral, ta koma ta 'yan boko da manyan birane. Ko 'yan libaral su farfaɗo ko a'a, a wurin mutanen nan za a gani.

Su kansu Amurkawan sun daɗe suna gudun sunan "libaral". A zaɓen 1988 Bush uba ya mayar da shi tamkar zagi a kan Dukakis, ɗan takarar Dimokurat, har da yawa suka koma kiran kansu masu neman cigaba.

Ƙanena kam dariya ya yi, wai "'yan walwala" kamar masu zuwa gala. Na san da wannan. Malaman Hausa, in akwai wadda ta fi, ku ajiye ta nan ƙasa.