Tsohon batirin laftof: zan iya haɗa fitila mai caji da shi?

Mai_Haɗe_Haɗe:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu harkar lantarki ku taimaka da shawara. Ina da batirin laftof da ya daina riƙe caji, na fasa robar sai na tarar da batura 6 a ciki, irin 18650 ɗin nan, wato baturan litiyam dogaye masu zagaye, kuma na ji ana cewa ba duka suke mutuwa ba. So nake in haɗa fitilar LED mai caji, in da hali ma in sa mata wurin cajin waya na USB. To ta yaya zan gane masu rai da matattu? Sannan zan iya haɗa su gaba ɗaya in jona musu cajar waya kai tsaye?

Injiniya_Ƙarami:
Wa alaikumus salam. Malam dan Allah kar ka jona cajar waya kai tsaye, ita 5V take bayarwa, shi kuma wannan batirin iyakarsa 4.2V in ya cika, in ka wuce haka zafi zai yi, yana iya kama wuta, kuma wutar litiyam ba ta mutuwa da sauƙi. Ka nemi ɗan bod ɗin nan TP4056, wato ƙaramin allon lantarki na cajin batir, amma mai kariya, za ka ga yana da wurin jona wayar wuta guda huɗu a gefe ɗaya, B+ da B- na batir, OUT+ da OUT- na fitila. Shi ne zai karɓi 5V ya yi caji da kusan 1A ya tsaya da kansa a 4.2V, kuma in batirin ya yi ƙasa sosai ya yanke. Cajin waya kuma sai ka ƙara bod mai ɗaga wuta zuwa 5V, ko ka nemi bod ɗin fawa bank gaba ɗaya da ya haɗa aikin biyu, ya fi sauƙi.

Mita_a_Hannu:
Maganar tantancewa ita ce babba, nan mutane suke gaggawa. Ka fara raba su ɗaya-ɗaya a hankali, kar filaya ta taɓa kan batirin, wato fozitif, da jikinsa lokaci guda, don jikin ƙarfen gaba ɗaya negatif ne, ledar da aka naɗe shi da ita ce kawai take rufe shi, duk wanda ledarsa ta yage kusa da kai sai ka sake masa wata. Sai ka auna ƙarfin wutar kowanne da mita. Wanda ya nuna ƙasa da 2V ni dai ba na wahalar da kaina a kansa, haka mai tsatsa ko wanda ya lotse. Sauran ka caja su ɗaya bayan ɗaya kana wurin kana taɓawa, wanda ya yi zafi ka cire shi. In sun cika ka rubuta lambar da kowanne ya nuna a jikinsa ka ajiye su sati biyu ka sake aunawa, wanda ya sauka sosai alhali ba a yi aiki da shi ba yana zubar da caji ne ta ciki, in ka haɗa shi da masu kyau shi zai riƙa shanye su. Kuma kafin ka haɗa fozitif da fozitif, negatif da negatif, ka tabbata duk awonsu ya zo kusan ɗaya, in ba haka ba cikakken zai afka wa marar caji da wuta mai yawa.

Hajiya_Solda:
Abin da zan ƙara, kar ka ɗora ƙarfen solda a kan batirin kana jira dalma ta kama, zafin yana lalata shi ta ciki. Masu yin aikin da gaske injin walda na ɗigo suke amfani da shi da siririn ƙarfen nikel. Tunda ba ka da shi, ka bar guntun nikel ɗin da ke manne a jikinsu ka yi solda a kansa da sauri, ko ka sa su a gidan batir na roba, ni wannan na fi so ga mai koyo don in ɗaya ya lalace zare shi kawai za ka yi. Matattun kuma ka rufe kawunansu da salatif ka kai inda ake karɓar tsofaffin batura, kar a jefa a shara.

Mai_Haɗe_Haɗe:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Amma LED ɗin da nake da shi dogon nan ne mai 12V, in na jera uku kai da gindi TP4056 zai caja su?

Injiniya_Ƙarami:
A'a, shi na 4.2V ne kawai, ba ya cajin jeri. Uku a jere 12.6V suke kaiwa in sun cika, sai ka nemi BMS, wato bod mai kare batura, na 3S (na uku a jere) mai daidaita su, da caja mai 12.6V. Tunda aikinka na farko ne ni da za ka ji tawa ka bar su a haɗe gefe da gefe, wato fozitif da fozitif, negatif da negatif, ka sa bod mai ɗaga wuta MT3608 ya ɗaga maka zuwa 12V, ka saita shi da mita kafin ka jona fitilar, kuma ka yanke LED ɗin ya zama gajere don dogo zai sa bod ɗin zafi.