Da gaske ne sufi ba ya yarda da gobe?

Almajirin Birni:
Assalamu alaikum malamai. A zaurukan karatu nan Damagaram ana yawan cewa sufi ɗan lokacinsa ne, ba jiya ba gobe, tunda samuwa ta haƙiƙa ta Allah ce Shi kaɗai. To mai wannan fahimta ya daina yarda da gobe ke nan? Ina matsayin geron da ke cikin rumbu, ina kuma matsayin Lahira?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abu uku ka zuba a ƙwarya ɗaya. Lahira rukunin imani ce, ba mai taɓa ta. Tanadi kuma ya tabbata, Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana ajiye wa iyalansa abincin shekara. Na ukun ne ake saki, wato goben da zuciya ke sassaƙawa ta tare a cikinta: “in na biya bashi zan huta”, “in damina ta yi kyau zan natsu”. Wannan malamai ke kira dogon buri.

Ibnu Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya yi littafi guda a kan wannan, At-Tanwir fi Isƙaɗit Tadbir. Bai hana dabarar neman halal ba. Abin da ya soka shi ne bawa ya ɗauka shi ke juya al'amarinsa. Ka lura, tunanin gobe ma yanzu yake faruwa a ranka. Ba wanda ya taɓa shan fura gobe, duk wanda ya sha a yau ɗinsa ya sha.

Hajiya Mai Tasbaha:
Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara yadda ake aikata shi. Bayan Asuba, in ɗan Tijjaniyya ne ya gama lazimi (istigfari 100, salati 100, hailala 100), sai ya ƙara zama na minti goma ba waya a hannu. Duk tunanin gobe da ya faɗo, tambaya ɗaya za a yi masa: akwai aikin da yake nema a yau? In akwai, misali ware tiya biyar ta iri kafin a taɓa geron ci, a riƙe shi a yi shi da hantsi. In babu, a koma kan hailala. Kada a yi kokawa da tunanin, korar sa da ƙarfi ita ke ƙara masa nauyi.

Inda aka fi zamewa shi ne nan: murid, wato almajirin ɗariƙa, ya ce “wata rana zan kai fana'i”, matsayin da bawa ke mance kansa gaba ɗaya cikin ambaton Allah. Ai ya mai da fana'in wata sabuwar gobe, dogon burin nan ne ya naɗa rawani. Alamarsa ƙirga kwanaki da jin haushi in zikiri bai yi daɗi ba.

Alaramma Ɗan Tsangaya:
Hajiya ta yi daidai, amma a yi hattara da lafazi. Maganar kaɗaitar samuwa, wato cewa samuwa ta haƙiƙa ta Allah ce Shi kaɗai, da ake jinginawa malamin sufaye Ibnu Arabi (ya rasu 1240 a Dimashƙa), malamai sun yi saɓani mai zafi a kanta. Ibnu Taimiyya ya yi suka a kanta. Ahmad Sirhindi na Indiya ya ce kaɗaitar gani ce: mai zikiri ya daina ganin kowa sai Allah, amma bawa na nan bawa, kamar taurari da rana tsaka, ba a ganin su alhali suna nan.

Ɓarnar da ke biyo rashin wannan bambanci a fili take. Wani ya bar sana'a, wani ya ci bashi a kasuwar Dole ba ranar biya, wani ma ya sassauta salla yana cewa ya wuce wurin. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, Tirmizi ya ruwaito. Almajiri, in zaman nan ya fara hana ka barci ko ya sa ka ƙyamar aiki, ka tsaya a kan wuridin da aka ba ka izini kawai, ka je ka gaya wa muƙaddaminka, wato jagoranka a ɗariƙa.