Lambu ko Tsauni: Musayar Baitoci kan Fita Shan Iska

Sarkin Yawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga buɗi. Wanda zai fita shan iska a kewayen birni, lambu ne ko tafki ko dutse ko tsohuwar ganuwa, me zai riƙe, yaushe zai fita, yaushe zai juyo? Amsa da waƙa.

Ka fito da ruwa tun kan rana
Ta tsaya bisa kai ta zubo ƙuna,
Daga goma zuwa huɗu, to zauna
A cikin inuwa, ka ji zancena.

Rabin lita a awa shi ne awona,
In da hawa da zafi ninka shi, ƙanena,
Kurɓi kaɗan-kaɗan kafin ƙishi ya nuna,
Mai jiran ƙishi ya makara wajen auna.

Ɗan Tsauni:
Yaya, ka ce mana yawo, ka kai mu inuwa,
Wanda bai hau dutse ba, bai ga birninsa ba kuwa,
Daga sama ake ganin unguwa bayan unguwa,
Ga lissafin tafiya, riƙe shi ban da mantuwa.

Kilomita 5 a shimfiɗe awa guda ake ƙirgawa,
Duk mita 600 na hawa, awa guda kake ƙarawa,
In da yaro ko dattijo, lokacin sai an daɗa kuwa,
Hutu ba ya cikin lissafi, shi ma kana sakawa.

Ƙa'idar Naismith ke nan, wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan da ya tsara ta a 1892. Misali, hanya mai kilomita 5 zuwa da dawowa, da hawan mita 300, awa ɗaya da rabi ce ban da hutu.

Gwaggon Lambu:
Ɗana, ka iya hawa, wa ya koya maka sauka?
A gangara gwiwa ke kuka, nan ƙafa ke zame maka,
Rage taku, rusuna kaɗan, nauyi bisa tafinka,
Dutse mai laima ko gansakuka, kewaye shi abinka.

Takalmi sabo fil kar ya zama abokin fitarka,
Sai ya saba da ƙafa, in ba haka ba ya saɓule fatarka,
Bar faɗin babban yatsa tsakanin bakinsa da yatsunka,
Ɗaure igiyarsa tamau kafin ka fara gangararka.

Kuma kar ka raina lambu, ɗana. Lambun Azhar na Alƙahira hekta 30 ne, an buɗe shi a 2005 a kan jujin da aka shafe shekara kusan 500 ana tara shi, kuma a wurin haƙa ne aka tono ganuwar daular Ayyubawa ta ƙarni na 12 da ƙasa ta binne. Mai lambu ya sha iska, ya ga tarihi, gwiwarsa lafiya lau.

'Yar Tafki:
Allah ya ƙara basira, Gwaggo! Baitin takalmin nan kaɗai ya fi duk abin da aka zuba a sama. Masu hawa sai su saurara.

Na-Bayan-Dutse:
A'a, ƙanwata, a yi adalci. Shi ya kawo lissafi da shekara, ita ta kawo igiyar takalmi. Ɗan Tsauni, Allah ya ja zamaninka, muna bayanka.

'Yar Tafki:
Yaya, lissafi ba ya warkar da targaɗe.

Ƙidayau:
Kafin a raba lada a duba buɗin kansa. "Ka fito da ruwa tun kan rana" gaɓa 10 ne. "Ta tsaya bisa kai ta zubo ƙuna" gaɓa 11. Tun ɗango na biyu, wato layi na biyu, waƙa ta fara ɗingishi, ana ta yabo.

Malam Mai Aruli:
Ƙanena, ba a auna kari, wato ma'aunin waƙa, da ƙidayar gaɓa kamar ana ƙirga tsakuwa. Nauyi ake dubawa. Kalmar "rana" gaɓa biyu ce, duka masu nauyi. Kalmar "inuwa" uku ce, biyu marasa nauyi, ɗaya mai nauyi. A karin waƙa na Mutadarik yadda mawaƙanmu ke tafiyar da shi, waɗannan biyun ƙafa ɗaya ce, wato yanki ɗaya na ɗango, kowace na zama a gurbin 'yar uwarta. Yanka ka gani: ka fito / da ruwa / tun kan / rana. Ta tsaya / bisa kai / ta zubo / ƙuna. Ƙafa huɗu-huɗu cif. Baitin farko lafiyayye ne. Ga nawa a kan karin:

Inuwa da ruwa su ne guzuri,
Kowa ya rasa su, akwai haɗari.

Ƙidayau:
Allah ya gafarta Malam, na karɓa a baitin farko. To yanka mini "Rabin lita a awa shi ne awona" mu gani. Sannan ɗangon kilomita 5 na Ɗan Tsauni gaɓa 19 ne. Wannan kuma wace ƙafa ce, ta raƙumi?

Malam Mai Aruli:
Waɗannan kam sun karye, ban ce ba su karye ba. Baitin Sarkin Yawo na biyu ya sauka daga karin da ya hau. Na Ɗan Tsauni amsa-amo ne kawai ke riƙe da shi, kuma ya rufe ɗango biyu da "kuwa", wanda ciko ne.

Ɗan Tsauni:
Malam, a gafarce ni, lamba ba ta lanƙwasuwa,
Mita ɗari shida ba ta zama biyar don ƙafa ta zauna da kyawu a,
Gara ɗango ya yi ɗingishi, mai tafiya ya kai ga dawowa,
Da baiti ya daidaita, dare ya same shi bisa tsandauri yana lalubawa.

Ƙidayau:
"Da kyawu a"? An kai ga ƙirƙiro wasali don a cike amsa-amo!

Na-Bayan-Dutse:
Ƙidayau, kai ina naka baitin? Mai suka ya hau fage mana.

Malam Mai Aruli:
Suka ilimi ne, ba sai mai baiti ba. Amma a sani, waƙar baka da ake rerawa da kiɗa tana jan gaɓa ta cike gurbi, rubutacciya ba ta da wannan rangwame. A nan rubutu muke yi.

Baba Na-Ganuwa:
'Ya'yana, ku bar awon gaɓa, ku zo ga awon walƙiya,
In ta haska ƙirga daƙiƙa har tsawa ta biyo baya,
Raba da 3, nisanta a kilomita ke nan, ba ƙarya,
Ƙasa da daƙiƙa 30, sauko daga tudu, kar ka fake gindin bishiya.

Gini mai bango, ko mota mai rufin ƙarfe, nan ne kariya,
Rumfar da ba bango kar ta ruɗe ka ka tsaya,
Bar bakin ruwa, bar filin Allah, bar shingen waya,
Minti 30 bayan tsawar ƙarshe sannan a koma hanya.

Dalili shi ne haske na isowa nan take, sauti kuwa kimanin mita 340 yake ci a daƙiƙa, wato kilomita ɗaya a daƙiƙa 3. Daƙiƙa 30 kilomita 10 ke nan, kuma aradu na faɗowa daga wannan nisa. Ga ƙari a kan tsofaffin gine-gine, don abin na ci mini rai:

Tsohon bango na ƙasa, kalle shi, kar ka hau shi,
Sawunka ya buɗe kafa, ruwan sama ya bi ya ci shi,
In damina ta jiƙa gindinsa, kar ka jingina da shi,
Mai rubuta suna da ƙusa a jikinsa, shi ke kashe shi.

Haka bishiya. Abincinta ta ƙarƙashin ɓawo yake saukowa daga ganye zuwa saiwa. In aka yanke ɓawon ya zagaye gangar jikinta, saiwa ta mutu da yunwa, bishiyar ta bi ta.

Sarkin Yawo:
Baba ya dawo da mu hanya. Allah ya ƙara girma.

Ɗan Tsauni:
Gwaggo, ranki ya daɗe, ban manta da ke ba.

Lambun da kike yabo shi ma yana da tasa cuta,
Ƙarfen zamiyar yara da rana ya kan zama wuta,
Ɗora bayan hannu tukuna kafin yarinya ta hau abinta,
Sarƙar lilo in ta yi tsatsa, ko ƙugiya ta buɗe, a bar ta.

Kogon bishiyar inuwarki, zuma na da gidanta,
In ta taso ban da kaɗa hannu, rufe fuska ka nisanta,
Gudu a miƙe zuwa gini, faɗawa ruwa ba ya korar ta,
Tsinin da ta bari a kankare da farce, a wanke fata.

Gwaggon Lambu:
Ɗana, ka zo lambu da bincike, dutsenka ba ka gama ba,
Ka faɗi lokacin hawa, na juyowa ba ka faɗa ba,
Ƙololuwa rabin tafiya ce, ashe ba a gaya maka ba?
Sa wa kanka lokaci, in ya cika juyo, ko ba ka kai ba.

Miƙe hannu, jera yatsu ƙarƙashin rana, ba a kanta ba,
Kowane yatsa kimanin minti 15 kan ta faɗi, huɗu awa ce, ba ta wuce ba,
Hannu biyu suka rage, sauko, ba sauran jira ba,
Tocila a jaka, fitilar waya ba abin dogaro ba ce ba.

Ƙidayau:
Ɗangon ƙarshe "ba" uku a jere, Gwaggo. Ɗaya ta yi yawa.

'Yar Tafki:
Ka bar Gwaggo ta sarara. Wanda bai kawo ko ƙwar biyu ba, wato baiti mai ɗango biyu, yana ƙirga wa mai ƙwar huɗu.

Na-Bayan-Dutse:
Maganar juyowa gaskiya ce, amma masu dutse sun riga masu lambu saninta. Dutsen Tebur da ke kan birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu ya haura mita 1,000. Tun 1929 akwai motar igiya da ke kai mutane sama, amma in iska ta yi ƙarfi a kan tsayar da ita, wanda ya hau da niyyar ta sauko da shi sai ya sauko da ƙafa. Gajimare kuma na rufe samansa cikin ɗan lokaci, hanya ta ɓace. Ga sanyi: kowane mita 1,000 na hawa zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Saboda haka riga mai kauri a jaka ko da ana zufa a gindin dutse, taswira a sauke ta a waya tun akwai intanet, a kuma bar wa wani a gida sunan hanya da lokacin dawowa.

Malam Mai Aruli:
Bayani ya yi kyau, sai dai zube ne. An ce amsa da waƙa.

'Yar Tafki:
Kun cika dutse da bango, kun bar ruwa a baya,
Tafkin da ke kwance ba gudu, kallo ne, ba iyo ba, Yaya,
Katantanwa a cikinsa kan ɗauki tsutsar tsargiya,
Ta huda fata ba ka ji ba, sai fitsari ya fito da jini daga baya.

Gaɓar da ciyawa ta rufe ba ta nuna zurfi,
Yaro a bakin ruwa, hannunka a nasa da ƙarfi,
Nutsewa shiru take zuwa, ba ihu ba tafi,
In za a hau kwalekwale, rigar iyo ga kowa, mai rauni da mai ƙarfi.

Tun a ƙofar shiga a nuna wa yara wurin haɗuwa guda ɗaya in an rabu, a sa takarda mai lambar waya a aljihun kowane yaro. A ƙirga su a shiga, a ƙirga su a fita. Ledar shara kuma a jakarka take komawa, kwalba da ta fashe a ciyawa ƙafar yaron wani take jira.

Ƙidayau:
"Baya" sau biyu, "ƙarfi" sau biyu. Malam, ka ga wannan ko sai na Ɗan Tsauni kake gani?

Malam Mai Aruli:
Na gani. Maimaita kalmar amsa-amo da ma'ana ɗaya a baiti ɗaya aibi ne, ko na wa ne. Amma "ba ihu ba tafi" ɗango ne mai kyau, ba zan ɓoye ba.

Na-Bayan-Dutse:
Malam ya koma ɓangaren lambu ke nan.

Inna Mai Jinya:
Na makara, kwana biyu ana yi ban leƙo ba. Tun buɗin Sarkin Yawo an faɗi ruwa, ba a faɗi abin yi in rana ta riga ta kama mutum ba.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, zufa na karyowa,
Kai shi inuwa, sassauta tufa, ɗaga ƙafafu sama kuwa,
Jiƙa jikinsa, yi masa fifita, ruwa kaɗan-kaɗan yana kurɓawa,
In magana ta rikice, asibiti kai tsaye, ba a jiran farfaɗowa.

Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki, shaƙewa zai yi. Jiki in ya kai digiri 40 da ruɗewa, rai ake ceto, a ci gaba da jiƙa shi har cikin mota. Ɗan Tsauni, ɗana, wannan kuma naka ne da masu cusa hannu a tsagar dutse:

Duba kafin ka dafa, duba kafin ka zauna,
Maciji na shan ɗumi bisa dutse da sanyin safiya da rana,
In ya sara ban da tsaga, ban da tsotsa, ka ji maganar Inna,
Ɗaurin igiya tamau kashe gaɓa yake, ba dafi yake hanawa ba, ɗana.

A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya taso. A ɗaure ƙafar ko hannun da sanda kamar ɗorin karaya don kar ya motsa, a riƙe lokacin da aka yi saran don a faɗa wa likita. Kar a tsaya neman macijin. In saran a ƙafa ne a ɗauke shi zuwa mota, kar a bar shi ya taka.