Neman kalmar Hausa: me za mu kira ginin Elmina?

Mai shirin rediyo, Kaduna

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan wata kalma da ta gagare ni, ga shi lokaci ya ƙure mini, domin ranar Juma'a da dare za mu watsa shiri a kan tsohon ginin Turawa da ke garin Elmina a bakin tekun ƙasar Gana, edita kuwa yana jiran rubutun kafin la'asar ɗin Alhamis. Takardun da nake aiki da su suna kiran babban ginin "castle", ƙaramin da ke kan tudu yana kallonsa kuma suna ce masa "fort". Turawan Fotugal ne suka gina babban a 1482 bisa jagorancin Diogo de Azambuja, suka raɗa masa suna São Jorge da Mina, kuma zinariya ce ta kawo su tun farko. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872 ta hanyar yarjejeniya. Gini ɗaya ne, amma a cikinsa akwai gidan gwamna, da masaukin soja, da coci, da ɗakunan ajiye haja, da kuma ɗakunan ƙasa masu duhu inda aka riƙa tsare mutanen da za a sayar a ƙetaren teku. Da farko na rubuta "fada", sai na goge, saboda mai sauraro zai hango sarki da fadawa da talakawa masu kawo ƙara, alhali babu ko ɗaya a wurin. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan nauyi?

Malamin Hausa, Kano

Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce "Ganuwar Elmina", babu wanda zai tsaya tambayar ma'ana. Ribar wannan zaɓi ita ce kalmar tana tafe da 'yan rakiyarta: saman bangon da sojoji ke tsayawa ki kira shi badala, ramukan da aka sassaƙa a cikin dutse ta ɓangaren tudu ki kira su gwalalo, gadar da ake ɗagewa kuma ta zama gadar ƙofa.

Malamin tarihi, Zariya

Na yarda da badala da gwalalo, amma ban yarda da ganuwa ba, Allah ya gafarta Malam. Ganuwa gari take kewayewa, da gidajensa da kasuwarsa da rijiyoyinsa, har da gonakin da za a ci idan abokan gaba sun yi wa birni zobe, wato an gina ta ne domin mutanen garin. A Elmina kuwa mutanen gari a waje suke, a kan siririn tudun da ke tsakanin teku da kogin Benya, bangon kuma Turawa da hajarsu kaɗai yake karewa. Shaidar haka ita ce abin da ya faru a 1873, lokacin da Ingilishi suka juya igwa kan tsohon garin suka ƙone shi, saboda mutanensa sun ƙi yarda da mulkinsu kuma suna ƙawance da masarautar Asante ta Kumasi. Ginin da ya yi wa garin da ke gindinsa ruwan wuta bai cancanci sunan ganuwa ba. Ni "kagara" nake ba da shawara, domin ita ce wurin da aka ƙarfafa don yaƙi, ba tare da ta ce akwai gari a ciki ba.

Ɗan jarida, Gusau

Me ya hana "ribaɗi"? Ai shi ma wurin tsaro ne da ake kafawa a bakin iyaka, kuma masu sauraro na yammacin ƙasar Hausa sun san shi sarai.

Dattijo, Sakkwato

A'a, ɗana, kada a kai kalmar nan can. Ribaɗi ba gini kawai yake nufi ba, zaman tsaron iyaka ne da niyyar ibada, kuma da wannan niyya ce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a Wurno har ya rasu a 1837 aka rufe shi a can. Ɗiyata mai shiri, idan kika kira wurin fatauci da tsare bayi ribaɗi, dattawa za su kashe rediyo kafin ki kai jimla ta biyu.

Ɗalibin nazarin harshe, Katsina

Da izinin malamai, ina ganin duk muna neman tsohuwar riga ne mu sa wa baƙon da ba a ɗinka ta dominsa ba. Harshen yana da hanyar haifar da sunan wuri: daga karanta muka sami makaranta, daga rina muka sami marina, daga jeme muka sami majema. To, daga "tsare" sai mu sami "matsara". Ku duba yadda ta dace da Elmina, domin tsare a Hausa fuska biyu gare shi: mutum yana tsare dukiyarsa, wato yana gadinta, hukuma kuma tana tsare mutum, wato tana hana shi fita. Ginin ya tsare zinariya daga sauran Turawa, ya kuma tsare bayi daga komawa gida. Babu wata kalma a cikin waɗanda aka kawo da ta haɗa waɗannan biyu a numfashi ɗaya. Malama, ki ce "Matsarar Elmina", ki bayyana ta sau ɗaya, kuma ina da yaƙinin za ta zauna a bakin mutane.

Malamin tarihi, Zariya

Tunanin yana da kyau ƙwarai, kuma ya taɓa zuciyar maganar. Sai dai a rubuce ba a bambanta ta da jam'in matsari, wato masu tsaro, kuma idan mai karanta labari ya kuskure karin sauti, mai sauraro zai ji ana maganar masu gadin Elmina.

Ɗalibin nazarin harshe, Katsina

Wannan matsala tana tare da makaranta ma, wadda a rubuce take nufin wurin karatu da kuma masu karatu, amma ba a taɓa jin wanda ya ruɗe ba. Abin da nake lura da shi shi ne duk lokacin da matashi ya kawo sabuwar kalma sai a nemo mata aibi, amma idan Bature ya kawo tasa, kamar bariki ko kanti, sai a karɓa hannu bibbiyu. Idan ba mu ƙirƙira ba, wa zai ƙirƙira mana? Na riga na fitar da jam'inta, "matsarai", wanda zai yi amfani tun da gine-ginen nan suna da yawa a gaɓar Gana, kuma hukumar UNESCO ta sa su a jerin kayan tarihin duniya a 1979 a dunƙule.

Ɗan Zangon Kumasi

Salamu alaikum. Ni na shiga ginin nan fiye da sau ɗaya, bari in faɗi abin da ido ya gani. Daga nesa fari ne fat saboda farar ƙasar da ake shafa masa, igwoyinsa kuma da yawansu teku suke kallo, domin babban abin tsoron mai ginin shi ne ɗan'uwansa Bature da zai zo da jirgi. Idan ka haye gada ka shiga tsakar gida, ginin da ke tsakiya cocin Fotugal ne, wanda mutanen Holan suka mayar wurin ciniki. Akwai wani ƙaramin ɗaki da aka zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a saman ƙofarsa, inda aka riƙa kulle wanda ya yi tawaye har ya mutu. Ɓangaren mata yana da tasa tsakar gidan, gwamna kuma yana da baranda a sama daga inda yake leƙensu ya zaɓi wadda yake so. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa kwalekwale siririya ce, sai ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsaya a ɗakunan ƙasan nan ya ji zafinsu da ƙarancin iskarsu ba zai so a kira wurin da wani suna mai daɗi ba. Amma maganar gaskiya, Hajiya, mu a nan "kasil" muke cewa, babba da yaro, kuma idan shirinku yana isowa Gana ta intanet, wanda ya ji kagara ko matsara ba zai san wurin da yake wucewa kullum ake nufi ba.

Malamin Hausa, Kano

Da girmamawa, ba za a ɗauki Hausar zango a yi ma'auni da ita ba, domin ta cakuɗa da Turanci da harsunan ƙasar har ta yi nisa da asali. Rediyo makaranta ce, kuma aikinta ta ɗaga harshe, ba ta bi kasuwa ba.

Ɗan Zangon Kumasi

Malam, wannan magana ta yi mini zafi, kuma ba zan ɓoye ba. Kakanninmu fataken Gwanja ne da suka yi ta safarar goro tsakanin garin Salaga na arewacin Gana da ƙasar Hausa tun kafin Bature ya ga Kano. Wasunmu kuma jikokin sojojin Hausa ne da Ingilishi suka kawo daga Legas suka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 da su. Mun riƙe harshen nan fiye da shekara ɗari a tsakiyar masu wasu harsuna, muna huɗuba da shi, muna ciniki da shi, har waɗanda ba Hausawa ba suka ɗauke shi. Ku da kuke cewa mota da asibiti da tebur, wa ya ce Hausarku ta lalace? Ginin nan a ƙasarmu yake, kuma ina ganin muna da bakin magana a kan sunansa.

Dattijo, Sakkwato

Malam na Kano, ka janye wannan kalma, don Allah, domin bai dace ba. Kai kuma ɗan'uwanmu na Kumasi, ka yi haƙuri. Tun da ka ambaci Salaga, akwai abin da ya kamata ɗiyata ta sa a shirinta ko da wace kalma ta zaɓa: kasuwar Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba, ana sayar da mutane, kuma da yawa daga waɗanda aka gangara da su bakin teku mutanen arewa ne. Kada mu ba da labarin kamar mu 'yan kallo ne kawai.

Malamin Hausa, Kano

Na janye, Allah ya ba da haƙuri. Amma ina nan a kan cewa kada "kasil" ta zama kan magana a shirin Hausa.

Malamin tarihi, Zariya

Maganar Baba gaskiya ce, kuma tana da ci gaba. Bayan Holan ta haramta cinikin bayi a 1814, Elmina ta zama wurin ɗaukar soja, inda tsakanin 1831 da 1872 aka kwashi kimanin mutum 3,000 zuwa tsibiran da a yau ake kira Indonesiya, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka fansa da sharaɗin shiga soja. Waɗanda suka dawo sun zauna a unguwar da har yanzu take ɗauke da sunan Java, ɗaya daga cikin tsibiran nan. A 1896 kuma a wannan gini Ingilishi suka ajiye Sarkin Asante Prempeh na ɗaya kafin su kai shi Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seshel. Saboda haka aikin ginin ya yi ta sauyawa cikin shekaru fiye da ɗari huɗu, kuma kalmar da za ta daɗe ita ce wadda ta siffanta ginin kansa, sauran kuma a bar wa bayani. Game da bambancin kalmomin biyu na Turanci, Malama, girma ne da matsayi kawai: uku ake ba babban sunan a Gana, wato Elmina da Cape Coast da Christiansborg na unguwar Osu a Accra, saboda su ne mazaunin gwamnoni. Na kan tudun kuwa mutanen Holan suka gina shi domin daga wannan tudu suka harba igwa suka ci Fotugal a 1637, ba su kuma so wani ya yi musu irin abin da suka yi. Ki ce "babbar kagara" da "ƙaramar kagara", kin gama.

Ɗan jarida, Gusau

Ni dai a fassarar Littafi Mai Tsarki na fi cin karo da kagara, sai kuma sunan garin Kagara na Jihar Neja. Ina tsoron matasa ba su san ta ba.

Ɗalibin nazarin harshe, Katsina

Ashe ita ma sai an yi mata bayani. Idan bayani dole ne, me ya sa ba za a yi wa matsara ba, wadda ta fi ta faɗin gaskiyar wurin? Kagara ta yi shiru a kan bayi gaba ɗaya.

Mai shirin rediyo, Kaduna

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Lokaci ya matsa, don haka ga abin da na rubuta a farkon shirin: "Babbar kagarar Elmina, wadda mutanen Gana suke kira kasil, gini ne na yaƙi da fatauci da Turawan Fotugal suka kafa a bakin teku a 1482." Na ɗauki badala da gwalalo daga Malam na Kano, ɗakunan ƙasa zan kira su kurkuku kai tsaye, ƙofar teku kuma "ƙofar da ba a dawowa". Maganar Salaga da ta sojojin Java za su shiga kashi na biyu. Ƙanena na Katsina, ban yi amfani da matsara a matsayin suna ba, saboda ba zan iya gwada sabuwar kalma a shirin da ba shi da damar maimaici ba, amma na ari tunaninka a jimla ɗaya, inda na ce ginin ya tsare zinariya ya kuma tsare mutane.

Ɗalibin nazarin harshe, Katsina

To, Yaya, shirinki ne, kuma na ji daɗin jimlar. Ban gamsu ba dai, kuma zan yi amfani da matsara a takardar da nake rubutawa, in ga yadda malamaina za su karɓe ta.

Ɗan Zangon Kumasi

Tun da kasil ta shiga ko da sau ɗaya ne, mutanenmu za su gane. Abu ɗaya nake roƙo, Hajiya: mutanen garin Edina suke kiran garinsu, ki ambaci wannan sunan ma idan da sauran wuri.

Mai shirin rediyo, Kaduna

Na ƙara shi a sakin layi na biyu. Rubutun ya tafi wurin edita yanzu, kuma ya riga ya tambaye ni ko ba za a mayar da kagara "sansani" ba, na ce masa sai mun zauna gobe da safe.