Za a kai mu Fushimi Inari a Kyoto, ina neman shawara

Bakatsiniya:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Osaka, ƙasar Japan, malamarmu ta shirya kai mu Fushimi Inari ranar Asabar. Tun da na ga hoton jajayen ƙofofin nan da suka jeru har kan dutse raina ya biya. Damuwata ɗaya, wurin bautar mabiya Shinto ne, addinin gargajiyar Japan. Dole ne sai na sunkuya na tafa hannu kamar yadda suke yi? Ba na son in ɓata wa masu wuri, ba na kuma son abin da zai taɓa addinina.

Alhaji Mai Motoci:
Wa alaikumus salam, 'yata. Babu mai tilasta miki. Mai ibada ne ke jefa kuɗi a akwati, ya kaɗa ƙararrawa, ya sunkuya sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake sunkuyawa. Ke dai ki ja gefe, kada ki tsaya kan mutum da waya yana addu'arsa. A bakin shiga akwai kwamin ruwa da ludayi, suna wanke hannun hagu da na dama, su kurkure baki. Tsarkin ibadarsu ne, ni wucewa nake yi, ba a taɓa kallona ba. Wajen manyan ƙofofi ki bi gefen hanya, tsakiya ta abin bautarsu ce a wurinsu.

Ɗan Damagaram:
Ƙanwata, ki sa takalmi mai daɗi. Dutsen mita 233 ne, hawa da sauka kan ci awa biyu zuwa uku. Da yawa a Yotsutsuji, wata mararraba wajen rabin hawan, suke juyowa, daga nan ana hango Kyoto sosai. Wurin tun shekarar 711 yake. Inari abin bautar shinkafa ne da kasuwa, shi ya sa kamfanoni da 'yan kasuwa ke biyan kuɗin ƙofofin. In kina saukowa za ki ga sunan mai bayarwa da kwanan wata da baƙin rubutu a bayan kowace. Gumakan dilan da za ki gani a wurin kuwa, wasu da makulli a baki, 'yan aikensa ne a imaninsu. Shiga kyauta ne, ba a rufewa, amma ku yi sammako don da hantsi ba masaka tsinke.

Maman Biyu:
Ni abin da zan ja kunnenki a kai, kada ƙawaye su sa ki sayi omamori don kyawun zarensa, laya ce. Takardar omikuji kuma duba ce. Inari-zushi ma, wato shinkafar da ake cusawa cikin soyayyar awara, ki tambaya kafin ki ci, sau da yawa da giyar girki ta mirin ake dafa awarar.