Waɗanne shafukan intanet zan dogara da su wajen amsa tambayoyin ɗalibai?

Malamar ɗakin karatu, wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum jama'a. Hausa nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare, sai aka ɗora mini kula da ɗakin karatu saboda ba mu da ma'aikacin laburare. Ɗakin ba wani babba ba ne: kantoci biyu na littattafai, yawancinsu sun tsufa, da kwamfuta ɗaya da muke caja da sola. Sabis kuwa sai na ɗauki waya na tsaya bakin tagar gabas.

Yanzu tambayoyin yara sun fi ƙarfin littattafanmu. Wata 'yar aji uku ta zo da aikin gida kan yawan mutanen Jigawa. Muka duba tare, wani shafi ya ce 4,348,649, wani ya ce 4,361,002, na uku ya ce sun haura miliyan 7. Ta ɗago ta ce, "Malama, wanne zan rubuta?" Abin ya tsaya mini a rai, domin yarinyar nan duk abin da na faɗa mata shi za ta riƙe. Iyaye ma sun fara zuwa. Wani dattijo ya kawo saƙon WhatsApp na ɗaukar aiki, ana neman lambar BVN ta ɗansa da kuɗin fom.

Don Allah masu sani, ta yaya ake gane shafin ƙwarai? Akwai jerin da zan kwafa in liƙa a bango?

Tsohon ma'aikacin laburare, wajen Ɗambatta:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya.

Alƙaluman nan uku babu na ƙarya a cikinsu, kowanne da lokacinsa. An yi ƙidaya a 2006. A farkon 2007 aka fitar da sakamakon wucin gadi, shi ne 4,348,649. A 2009 gwamnati ta buga tabbataccen sakamako a gazet, shi ne 4,361,002.  Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. To duk adadin da kika gani bayan 2006 ƙiyasi ne, an ɗauki na wancan lokacin an lissafa ƙaruwar jama'a a kai. Yarinyar ta rubuta na 2009, ta ce ƙidayar 2006 ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In tana son na miliyan 7 ta kawo shi, amma ta rubuta cewa ƙiyasi ne, da shekarar da aka yi shi.

Maganar jeri kuwa, ban hana ki ba, sai dai jeri yana tsufa a bango. Abin da aka koya mana tun zamanin kati da akwatin katalogi bai canza ba: in an kawo miki tambaya, kafin ki taɓa kwamfuta ki tambayi kanki, wa ke da alhakin wannan bayani? Yawan jama'a na Hukumar Ƙidaya ne. Farashin kaya da alƙaluman tattalin arziki na Hukumar Ƙididdiga ne, NBS. Cututtuka masu yaɗuwa na Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ne, NCDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya. Jarrabawa ta JAMB ce da WAEC da NECO. Ki tafi wurin mai abu kai tsaye. Sauran shafuka yawanci kwafa suke yi daga juna, mai kwafa kuma ba ya komawa ya gyara.

In dole ta sa kika shiga shafin da ba na mai abu ba, ki nemi sunan marubuci, da ranar rubutu, da inda ya ce ya samo. Wanda ya ɓoye ukun nan ba na ba wa ɗalibi shi, komai kyan tsarinsa.

Sannan ki sayi babban littafi mai layi. Kowace tambaya ki rubuta ta, da shafin da ya amsa, da ranar da kika duba. Tambayoyin 'yan makaranta suna dawowa duk shekara.

Ɗalibin ilimin laburare, ɗan ƙasar Gumel:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ƙari ne kawai zan yi.

Yaya, ki koya wa yara karanta adireshin shafi, musamman ƙarshensa. Wanda ya ƙare da .gov.ng na hukumar gwamnati ne, sai Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa, NITDA, ta amince ake bayarwa. Na manyan makarantu .edu.ng ne. Amma .com da .org kowa zai iya saya da kuɗinsa. Wannan ba ya nufin duk na banza ne, na duba sakamakon WAEC ma waecdirect.org ne, sai dai a nan ake buƙatar ƙarin lura. 'Yan damfara suna ɗaukar sunan hukuma su ƙara masa kalma ko su canza harafi ɗaya. Ki gaya wa dattijon nan kada ɗansa ya ba da BVN. Ku rubuta adireshin hukumar da aka ce tana ɗaukar aikin da hannunku, kada ku danna wanda aka turo, ku ga ko sanarwar tana can.

Kuma .gov.ng yana nuna mai shafi ne kawai, ba ya nuna sabuntawa. Akwai shafin gwamnati da na shiga na tarar da sunan shugaban da ya daɗe da sauka. Ko a can a duba kwanan wata.

Ga malamai masu ƙaro karatu: AJOL tana tattara mujallun bincike na Afirka, da yawa daga jami'o'inmu. DOAJ, wadda aka fara a 2003, jerin mujallu ne da ake karantawa kyauta. Google Scholar yana nuna miki ko wasu masana sun ambaci aikin. Jami'ar NOUN ma ta sa littattafan darussanta a shafinta. Wikipedia ba na hana kowa, amma a gangara ƙasa a bi majiyoyinta. Manhajojin AI kuwa a yi hattara, suna iya ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekara, alhali babu shi a duniya. Duk majiyar da suka ba ki sai kin gan ta da idonki.

Malamin gona, wajen Kafin Hausa:

Malama, iyayen nan manoma ne, tambayar damina na nan tafe. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da tsawon damina har matakin ƙaramar hukuma. Ki sauke shi ki ajiye. Maganar iri kuwa akwai cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru da ta wayar da kan manoma, NAERLS, a Zariya, da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, masu ofis a Kano. Irin waken SAMPEA daga Samaru ya fito.

Abin da ke damuna shi ne shafin da gaskiya yake faɗa amma ba da mu yake ba. Na ga matashi da jadawalin shuka na wata jami'ar Amurka yana son bi a jigawar tudu. Ba su yi ƙarya ba, ƙasarsu da ruwansu daban. Ki ƙara tambaya ta huɗu kan ukun Baba: don mutanen ina aka rubuta?

Na magani kuma kada ki yi sassauci ko kaɗan. Duk mun tuna daren ruwan gishiri na 2014 lokacin Ebola, saƙon waya ne na ƙarya, wai a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi don kariya, ya kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasu.

Malamar ɗakin karatu:

Allah ya saka da alheri, na sayo littafin. Saura biyu: yaran sun fi fahimtar Hausa, kuma data tana mana wuya.

Ɗalibin ilimin laburare:

Na labarai akwai BBC Hausa, DW, RFI da Aminiya, a duba biyu kafin a yarda. Dubawa da Africa Check suna tantance jita-jita, suna kuma wallafa wasu binciken da Hausa. Ƙamusun Bargery na 1934 yana intanet. Maganar data, ranar da kika shiga Dutse ko Kano ki sauke manhajar Kiwix da Wikipedia ta Hausa, za ta buɗu a kwamfutarku ba sabis. Takardun hukumomi ma ki riƙa sauke su a filash, kowace ki sa mata shekara a sunanta.

Tsohon ma'aikacin laburare:

Abu ɗaya ya rage, 'yata. Babban tarihi za ki samu a intanet: Turawa sun ci Kano a 1903, Haɗeja a 1906, an ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Amma wanda ya sari ƙauyenku da jerin dagatanku, da wuya ki same su daidai a wani shafi. Wannan yana bakin dattawa, da fadar hakimi, da tsofaffin takardun gundumomi a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna. Ki tura 'yan aji uku su zauna da liman da dagaci, su rubuta sunan wanda ya ba da labari da ranar, ki buɗe musu fayil a kan kantar littattafai.